Hannun da Aka Ɗaga Mana

A kowane taron siyasa akwai lokacin da makaɗa kan sassauta, masu ɗaukar hoto su matso gaban mumbari, sai babban da aka wuni ana jira ya kamo hannun wani da ke tsaye a gefensa ya ɗaga sama. Fili ya ɗauki sowa. Shi ke nan, magana ta ƙare, an ɗaga hannun wane. Kafin mako ya zagayo hoton ya hau fasta, ya hau bayan A Daidaita Sahu, ya hau bangon makarantar firamare. Ranar zaɓe tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan ɗan takarar ba za ta bi layi tun hantsi ta dangwala masa, domin ta san mai hannun da ya ɗaga nasa.

Na daɗe ina juya wannan ɗaga hannu a raina. A filin kokawa alƙalin wasa ba ya ɗaga hannun kowa sai an yi kaye, kowa ya gani da idonsa. A can, ɗaga hannu shaida ce a kan abin da ya riga ya faru. A siyasa kuwa tun ba a shiga fili ba ake ɗagawa, tun mutumin bai gina aji ɗaya ba, bai sa ko ƙwayar magani a asibiti ba. To, me hannun yake cewa? Cewa yake yi, ku yarda da wannan saboda ni. Wannan magana tana da suna a Hausa tun kafin a zo mana da jam'iyya da akwatin zaɓe. Sunanta lamuni.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin nauyin kalmar. Je ka Kantin Kwari ko Dawanau ka ga yadda ake ɗora wa mutum kayan miliyoyi a mota ya nufi Maiduguri ko Agadas, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Tambaya guda ake yi kafin a ɗaure kaya: wa ya tsaya masa? In aka ce Alhaji wane ne, sai a ce a loda. Da haka fataucin goro da na shanu ya rayu shekara da shekaru tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa. A unguwar Sabo ta Ibadan, maigidan da ke saukar da fatake shi ke tsaya wa mahautan da suka karɓi shanu bashi, kuma in mahauci ya tsere da kuɗi, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa. In ya ƙi, labari zai riga baƙon isa gida, baɗi ba mai sauka a wurinsa. Shi ya sa ba ya tsaya wa mutum sai ya san shi ciki da bai. Lamuni magana ce mai farashi, kuma wanda ya furta ta shi ke biya.

Na ga yadda wannan kalma ta mutu a mazaɓarmu. Gab da wani zaɓen ƙananan hukumomi aka kawo mana wani matashi ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar La'asar. Wani babba a jam'iyya, wanda unguwa ke ganin girmansa, ya riƙe hannunsa ya ce, “Wannan ɗana ne. In ya yi muku ba daidai ba, ku zo ku same ni.” Buƙatarmu ɗaya ce tal, kwalbatin da ke kan hanyar makaranta, wanda duk damina ruwa ke shafewa, yara su yi kwana uku ba su ga aji ba. Matashin ya ce kafin damina mai zuwa an gama. Muka zaɓe shi. Damina uku ta wuce. Da dattawa suka gaji, sai suka tafi wurin babban kamar yadda ya ce a yi, ina cikin waɗanda suka raka su. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “Ku yi haƙuri, ni ma yaron nan ya daina ɗaukar wayata.” Muka yi sallama muka fito. A hanyar dawowa wani dattijo da ya shekara arba'in yana dillancin hatsi sai maimaitawa yake yi, “Amma ai shi ya tsaya masa. Ai shi ya tsaya masa.” Ya kasa gane yadda mutum zai tsaya wa wani, sannan ya zare jiki ko kunya babu. A kasuwarsa ba a yin haka.

Masana harshe sun ce alƙawari daga Larabci muka aro shi, daga kalmar da ke nufin magana, shi ya sa har yanzu a wasu sassan ƙasar Hausa alƙawali ake cewa. Ashe a asali alƙawari magana ce zalla, ba rantsuwa, ba sa hannu a takarda. Waɗanda suka aro kalmar sun ɗauka cewa duk wanda ya buɗe baki ya ce zai yi, ya riga ya ɗaure kansa. Dubi kuma kalmomin da muke haɗa shi da su. Ɗaukarsa ake yi kamar dami, shi ya sa aka ce alƙawari kaya ne. Cika shi ake yi kamar mudu, kuma mai awo ya san mudun da bai cika ba tauye ne, ko da ɗan abin da ya rage bai kai tafin hannu ba. Amana kuwa bayar da ita ake yi, a riƙe. Tushenta ɗaya da imani da aminci da amini. Abin wani ne a hannunka, zai dawo ya karɓa. In ka taɓa ta, Hausa ba ta ce ka yar ko ka fasa ba, cewa ta yi ka ci.

Wannan “ci” yana ba ni tsoro. Da shi muke cewa wane ya ci zaɓe, da shi kuma muke cewa wane ya ci amana, kuma yaran da suka taso a wannan zamani sun fara ɗauka cewa na farkon ne ke ba mutum lasisin na biyun. Cin zaɓe ya koma kamar cin ganima, abin da ka samu naka ne, ka raba wa wanda ka so. Ko ɗalibin Islamiyya ya san hadisin da ya lissafa alamomin munafuki guda uku, ƙarya a zance da saɓa alƙawari da cin amana. Masu hawa mumbarin siyasa sun san shi, wasunsu ma su suka koya mana. Abin da ya sauya shi ne wanda ake ganin yana da amanar da za a iya ci.

Kunna rediyo a Kano da daddare, lokacin da sojojin baka ke baje kolinsu. Ba a minti biyar ba ka ji kalmar cin amana ba, tare da 'yan rakiyarta, butulci da halacci. Amma kula da inda take fuskanta. Kullum sama take kallo. Wane ya ci amanar maigidansa. Wane butulu ne, an ɗauko shi ba shi da ko keke, yau ya juya baya. Da wuya ka ji an ce wane ya ci amanar matan da suka bar girki suka tsaya a rana don su zaɓe shi. Kamar dai mai ƙuri'a ba ya cikin cinikin, shi ɗan kallo ne da aka gayyato don fili ya cika.

Kano ta daɗe da sanin faɗan ubangida da yaronsa. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati a jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare, bayan gwamnonin biyu sun ci gaba da halartar taron gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi tare da na UPN da GNPP, shugabannin jam'iyya kuma sun hana. Aka sami 'yan santsi, mabiya Rimi, da 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam. Sunayen nan biyu kaɗai sun isa nazari. Santsi ke zame ƙafar mutum daga inda ta tsaya, taɓo kuma ke riƙe ƙafa ya hana ta gaba, kowane suna zagi ne a bakin abokin hamayya, kirari ne a bakin mai shi. An yi gaba mai zafi, 'yan'uwa sun daina ga-maciji. Duk da haka akwai abubuwa biyu daga wannan zamani da nake so matasa su sani. Haraji da jangali, waɗanda tun zamanin NEPU ake ce wa talaka za a ɗauke masa, gwamnonin nan biyu sun soke su da hawansu mulki. Alƙawari ne mai suna, kowane manomi da makiyayi ya san ranar da aka cika shi, domin ba wanda ya sake zuwa ƙofarsa da rasit. Na biyu, da Rimi ya yanke shawarar neman wa'adi na biyu a jam'iyyar NPP a 1983, sai ya sauka daga kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ya shiga zaɓe ba ya kan mulki, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ko me mutum zai ce game da Rimi, kujerar da aka ba shi da alamar mabuɗi ta PRP bai tafi da ita wani gida ba.

Abin da ya biyo baya a jamhuriyar nan kowa ya gani. Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje sun yi tafiya tare tun 1999, gwamna da mataimaki har sau biyu, a 2015 na farkon ya ɗaga hannun na biyun, zuwa watan Maris na 2016 baraka ta fito fili. Malam Ibrahim Shekarau ya bi Kwankwaso zuwa NNPP a watan Mayun 2022, ya fita a watan Agusta, yana cewa ba a cika yarjejeniyar da aka yi da shi ba game da takarar mutanensa. A 2024 aka fara jin “Abba tsaya da ƙafarka” a titunan birni, ana nufin Gwamna Abba, wanda shi ma Kwankwaso ya ɗaga hannunsa. A Sakkwato an ga irin wannan baraka tsakanin Bafarawa da Wamakko, sannan Wamakko da Tambuwal. Ba zan shiga tsakani in ce wane ne mai gaskiya ba, kowannensu yana da masu kare shi da suka fi ni baki. Abin da ya dame ni shi ne, a duk waɗannan rigingimu alƙawarin da ake faɗa a kansa na cikin ɗaki ne, tsakanin manya biyu ko uku, a kan wa zai sami kwamishina nawa, wa zai tsayar da ciyaman a ina. Mai ƙuri'a bai ji lokacin da aka ƙulla ba, sai ranar da aka kwance ake kiransa ya zo ya taya fushi.

Ba ina rena halacci ba ne. Halacci hali ne na 'yan halak, kuma al'ummar da yaro ke manta wanda ya riƙe hannunsa ya tsallakar da shi ba za ta yi albarka ba. Wanda ya kashe dukiyarsa da lafiyarsa ya gina tafiyar siyasa yana da hakki a kan waɗanda suka ci moriyarta, a girmama shi, a nemi shawararsa, kada a wulaƙanta shi. Amma Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan matsalar take. Ɗan takarar da aka saya wa fom, aka biya masa daliget, aka ɗauki nauyin fastarsa, ya hau kujera da bashi a wuyansa. Da me zai biya? Ba shi da gona, ba shi da kanti. Abin da ke hannunsa kuɗin kwalbatinmu ne. In ya biya ubangida, a ce ɗan halak ne. In ya ƙi, a ce butulu. A duka biyun ba a tambayi ko yara sun sami hanyar zuwa makaranta ba.

Akwai wata kalma mai tsarki da siyasa ta ara ta yi mata riƙon sakainar kashi, wato mubaya'a. Yau za ka ji an ce ƙungiyar matasa kaza ta yi wa wane mubaya'a, ma'ana sun je gidansa sun sa hula irin tasa an ɗauki hoto. A Larabci kalmar 'yar gida ɗaya ce da ciniki, hannu biyu ne ke haɗuwa, kowane da abin da ya ɗauka wa kansa. Da jama'a suka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a Gudu a 1804, a kan bin Alƙur'ani da Sunna aka yi ta, sharaɗin ya hau kan mai karɓa kamar yadda ya hau kan masu bayarwa. Tun daga Sayyidina Abubakar aka san cewa biyayyar da ake yi wa shugaba tana tare da sharaɗin shi ma ya tsaya kan gaskiya. Mubaya'ar da hannu ɗaya ne kawai ke ɗaukar nauyi a cikinta ba sunanta ke nan ba.

Sai sauya sheƙa. Duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan magana ya iya Hausa, kuma ya yi wa 'yan siyasa sassauci. Tsuntsu in ya bar sheƙarsa, da fukafukansa kawai yake tashi. Ɗan siyasa kuwa yakan tashi da ƙwan da wasu suka saka, wato ƙuri'un da aka ba shi saboda alamar da ya baro. Tsarin mulkin 1999 ya hango wannan. Sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. Ta wannan 'yar kafa kowa ke bi, domin ba a rasa rigimar da za a nuna a ce ga ɓaraka. Gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu kuwa tsarin mulki bai ɗora musu wannan sharaɗi ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Atiku Abubakar a 2007.

Zamfara ce ta fi ba ni abin tunani. A 2019 rikicin cikin gida tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin zaɓen fid da gwani da doka ta yarda da shi. Aka shiga zaɓe, ɗan takararta na gwamna ya sami ƙuri'a sama da dubu 500. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta da ɗan takara tun farko, duk ƙuri'unta sun tafi a banza. Bello Matawalle na PDP, wanda bai kai dubu 200 ba, ya zama gwamna. Mutum dubu ɗari biyar sun fito, wasu daga ƙauyukan da fita ma kasada ce, jam'iyyar da suka amince wa ta zubar musu da ƙuri'a a ƙasa saboda faɗan manya. A watan Yunin 2021 Matawalle ya koma APC ɗin, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi binsa, majalisa ta tsige shi a watan Fabrairun 2022. Amma Zamfarawa ba su manta ba. A 2023 suka kayar da gwamna mai ci suka zaɓi Dauda Lawal, kamar yadda a 2011 suka kayar da Mahmud Shinkafi, wanda shi ma ya ci zaɓe a ANPP ya koma PDP. Akwai wasu dalilan, musamman rashin tsaro, amma sau biyu ke nan jiha ɗaya tana nuna cewa kujera tana da masu ita.

A 2015 wata 'yar gajeriyar kalma ta mamaye Arewa, sak. Daga sama har ƙasa, ba waiwaye. Mutane sun yarda da marigayi Muhammadu Buhari, sai aka ce su yarda da duk wanda ya tsaya a inuwarsa. Lamuni ne a dunƙule, mutum ɗaya ya tsaya wa ɗaruruwan 'yan takarar da bai san ko fuskar wasunsu ba. Babu maigidan fatake da zai yi wannan kasada, don ya san shi zai biya. Da yawa sun shiga majalisa a wannan guguwa, mazaɓunsu ba su sake ganinsu ba sai da zaɓe ya matso. Talaka ya koyi darasi ya mayar da martani da kalmar kicin, wake da shinkafa, sama daban ƙasa daban. A Bauchi a 2019 Buhari ya ci jihar, gwamnan jam'iyyarsa ya faɗi. Ina ganin wannan ci gaba ne, domin mutum ya fara duba kayan da kansa kafin ya karɓa.

Sai dai wane zaɓi ya rage masa in tun daga jam'iyya aka gama yanke hukunci? Maslaha a wurin malaman fiƙihu abin da zai amfani jama'a ne. A ofishin jam'iyya ma'anarta ta koma “ku janye, an riga an zaɓa.” Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce ba a tsayar da ɗan takarar maslaha sai duk sauran masu nema sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da yardarsu, amma wa zai ƙi sa hannu alhali gobe yana neman muƙami a wurin wanda ya miƙo masa biro? Jama'a sun ba abin sunan da ya dace da shi, ɗauki-ɗora. Kaya ake ɗauka a ɗora, kuma a kan wani ake ɗorawa.

Ita kanta siyasa ba haka take nufi ba a da. A Larabci asalinta kiwon dabba ne da kula da ita, irin yadda mai kula da doki ke lallaɓa shi. A tsohuwar Hausa in aka ce ka yi wa mutum siyasa, ana nufin ka bi da shi a hankali, ka yi masa rangwame. Yau in ka ce wa abokinka “siyasa ce kawai,” ka gaya masa kada ya ɗauki maganar da gaske. Mun ware wani fage guda na rayuwa mun ce a nan ƙarya ba ƙarya ba ce. Waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ba su san wannan siyasar ba. An yi musu bulala, an kai su gidan yari, Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta fiye da sau goma. Ba wanda ya raba musu taliya. Sun yarda ne cewa mutanen da ke gabansu abin da suke faɗa shi suke nufi.

Dole in faɗi namu laifin, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Mu ma muna ɗaukar alƙawari mu saɓa. Ɗan takara uku za su zo unguwa ɗaya, kowanne a ce masa akwatin nan naka ne. Daliget yakan karɓi na kowa, wani har a sa shi ya dafa Alƙur'ani, ya fito ya zaɓi wanda ya fi tsoka. Har kirari muka yi wa abin, a ci kuɗinsu a zaɓi ra'ayi. Na san yunwar da ke sa uwa ta karɓi taliya da sabulu da turmin atamfa, ba zan zauna a inuwa in zage ta ba. Amma ɗan siyasar da ya biya kafin a zaɓe shi yana ganin ciniki ya ƙare a bakin akwati, ba wanda ke binsa bashi. Haka muka zauna, shi bai yarda da mu ba, mu ba mu yarda da shi ba, kowa na sauri ya karɓi nasa tun kafin ɗayan ya juya baya.

In akwai inda za a fara ɗinke wannan ɓaraka, ƙaramar hukuma ce. Shugaban ƙasa a rediyo muke jinsa, gwamna sai dai mu ga jerin motocinsa. Kansila kuwa mun san gidan ubansa, tare muke sallar Asuba, matarsa da matanmu suna haɗuwa a gidan suna. A nan ne kunya ke da sauran aiki. Sai ga shi nan ne aka fi kashe zaɓe. A Kano, a watan Fabrairun 2018 APC ta lashe ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 gaba ɗaya, ta maimaita a watan Janairun 2021. A watan Oktoban 2024 NNPP ta lashe 44 da 484 ɗin nan, ba ta bar ko ɗaya ba. Jam'iyya ta sauya, lissafi bai sauya ba, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Inda ma ba a yi zaɓen ba sai a naɗa kantoma. Ciyaman ɗin da ya san daga gidan gwamnati sunansa ya fito, can zai riƙa kai gaisuwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau. Amma kuɗi in sun iso hannun wanda ba mu muka zaɓa ba, bashin ubangidansa zai fara biya.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne amana ba ta mutu a cikinmu ba. Uwar adashi tana riƙe kuɗin mata talatin, ba ta da ofis, ba ta da hatimi, kuma ranar kwasa ba ta saɓawa. Direban tasha ana ba shi saƙon kuɗi daga Kano zuwa Damagaram ya kai cif. A waɗannan wurare an san abin da aka ɗauka, an san ranar biya, an san wanda ya shaida, kuma an san abin da zai sami wanda ya saɓa. Ko aure, da duk soyayyar da ke cikinsa, ba a ɗaura shi sai da waliyyi da shaidu, a faɗi sadaki da baki kowa ya ji, in ajalan ne a ce ajalan ne. Alƙawarin siyasa kaɗai muka bari ba adadi, ba rana, ba shaida. “Za mu kawo ci gaba.” “Za mu share muku hawaye.” Wa zai iya zuwa bayan shekara uku ya auna ko an cika wannan mudu?

Saboda haka roƙona ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da shugabannin mata, kada ku karɓi alƙawarin da ba shi da suna. Ku rage buƙatunku su zama biyu ko uku waɗanda kansila ko ciyaman zai iya yi da gaske, ku bar masa zancen abin da ba huruminsa ba. A faɗi aikin, a faɗi wurin, a faɗi watan da za a gama. A rubuta, da boko ko da ajami, ya sa hannu a gaban jama'a, a ɗauki muryarsa a waya, a manna takardar a ƙofar gidan mai unguwa inda kowa zai gani. Duk wata shida a kira shi ya zo ya zauna a tabarmar da ya zauna ranar da yake neman ƙuri'a, a karanta masa. In ya cika, a faɗa a masallaci da gidan biki, a yaba masa da sunansa ko da ba jam'iyyarku ɗaya ba, domin na kirki ma suna karaya in suka ga ba a bambanta su da sauran.

Shi kuma babban da ya rako shi, kada a bar shi ya tafi da sowa kawai. Kafin ya saki hannun yaronsa, wani dattijo ya tashi cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, mun ji ka tsaya masa, to in bai gina kwalbatin nan ba kafin damina, kai za ka gina? A jira amsarsa, a rubuta ta a ƙasan takardar, shi ma ya sa hannu.